Tsofaffin wayoyin kwamfuta: a ajiye, a sayar, ko a ba 'yan gwangwan?

Jama'a, kafin ku zubar da tarin wayoyin nan na cikin durowa, ga ɗan tarihi.

Bompai ce unguwar masana'antu ta farko a Kano. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya lokacin da kuɗin fetur ya shigo a shekarun 1970. Ana saƙa yadi, ana jima, ana matse man gyaɗa. Bayan tsarin SAP na 1986, ga rashin wutar NEPA, ga kaya masu araha daga waje, kamfanoni da dama suka rufe. Cikin waɗanda suka rage akwai masu narka tsohuwar roba su yi buta, bokiti da silifa, kuma 'yan jari bola ne ke ciyar da su.

Su ma wayoyin suna da zamaninsu: VGA ta fito a 1987, USB a 1996, USB-C a 2014. Kowace sabuwa takan tura ta baya durowa, amma jan ƙarfen da ke ciki ba ya tsufa. Shi ake saye a kan sikeli.

To, ya za a yi?

Ajiye USB-C, HDMI da wayar wuta mai lafiya.

VGA da cajar laftof masu aiki, kai su Beirut Road, masu gyara na nema.

Wadda ta tsinke, ba 'yan gwangwan. Amma don Allah kar a ƙona ta don ciro ƙarfen. Hayaƙin robar guba ne, yaran unguwa ne ke shaƙa. A fere ta da wuƙa, ta ma fi daraja a haka.