Dajin Rugu a Kundin Digiri na Biyu

A yawancin jami'o'inmu ɗalibin da ya zo neman digiri na biyu sai ya zaɓi gida ɗaya: ko ya bi tarihi ya shiga tonon takardun Turawan mulki, ko ya bi siyasar ƙasa da ƙasa ya yi ta nazarin Majalisar Ɗinkin Duniya da Yaƙin Cacar Baka. Hujjata a nan ita ce, wannan rabuwa tana hana mu fahimtar abin da ke faruwa a Batsari da Safana, ƙananan hukumomi biyu da suka jingina da Dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina.

Kundayen da ake rubutawa kan 'yan bindigar wannan yanki sun yawaita, amma akasarinsu salo ɗaya ne. A raba takardun tambayoyi, a tattara amsa, a ce talauci da jahilci ne sanadi. Ba ƙarya ba ne, sai dai bai gamsar ba, domin talauci bai tsaya a Batsari kaɗai ba.

Mai karatun tarihi ya san cewa dajin nan ya daɗe yana bakin daga. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar da aka tumɓuke ya yi arewa, daga bisani ya kafu a Maradi. Kusan duk ƙarni na 19 mahara daga can suna ratsa wannan daji, garuruwa irin su Ruma suna tare musu hanya; har gobe hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa. Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan zamani a kundinsa na digirin digirgir kan sauye-sauyen ƙasar Katsina, wanda aka buga a Zariya a 1981. Sannan Ingila da Faransa suka zo da yarjeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka mai da tsohuwar gaba ta cikin gida iyakar ƙasa da ƙasa. Kada a ɗauka ina cewa ɓarayin dajin yau jikokin mayaƙan Maradi ne. Wannan gajeren tunani ne, kuma aikin masanin tarihi ne ya ƙaryata shi. Abin da ya ɗore shi ne dajin kansa, da hanyoyinsa, da nisansa daga hannun hukuma.

Daga nan sai a nemi idon ɗalibin siyasar duniya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan zirga-zirgar makiyaya ta halatta ƙetare iyaka da dabbobi, alhali noma ya cinye burtali da wuraren kiwo. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta watsa makamai a Sahel. Gwamna Aminu Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2016 da 2019, duka biyun suka wargaje. Ai gwamnan jiha ba shi da iko da inda harsashi ke fitowa. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 kuwa ya jawo takunkumi da rufe iyakar Jibiya, ya kuma sanyaya haɗin gwiwar tsaro tsakanin Abuja da Yamai. Manomin Safana bai halarci taro ko ɗaya ba, amma a gonarsa ake biyan kuɗin.

Kayan aiki suna kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma maƙwabciyar Safana ce, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana Katsina, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maradi. Babban giɓin shi ne harshe. Rahotannin razdan da D.O. suna ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, amma rabin labarin yana cikin Faransanci, a Yamai da Dakar. Ɗalibin da bai iya karanta su ba, gefe ɗaya na iyaka zai gani. Don haka ya kamata Faransanci ya zama dole a kwas ɗin da zai haɗa tarihi da siyasar duniya, a kuma ba ɗalibi malamai biyu masu duba aikinsa, ɗaya daga kowane sashe.

Za a ce shiga ƙauyukan akwai haɗari. Gaskiya ne, kuma bai dace malami ya tura ɗalibi inda shi kansa ba zai je ba. To amma dattawan da rikici ya kora suna zaune a garin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, kuma su ne suka san wace shekara aka nome wane burtali, da wanda ya ba da izini.