Tarihin Ginin Ƙasa: Abin da Maginan Korgom suka Gada

Yau zancenmu a kan gini yake, kuma daga Korgom za mu fara, kudu maso gabas da Tasawa, cikin jihar Maraɗi.

Ka san ƙasarmu jigawa ce. Rairayi ba ya yin bango. Don haka mutanen da suka kafa garuruwan Tasawa da Mayahi suka fara da ɗakin kara da jinka, suka kewaye gida da danga. Laka kuwa sai a bakin tabki ko cikin fadama ake samunta. In ka ga kududdufi a gefen tsohon gari, to sau da yawa daga nan aka ɗebo ƙasar da aka gina garin.

Ga yadda ake aikin. Bayan an gama girbi, sai a haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa. A bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, a shanya. Magini yana bisa bango, ana jefa masa tubali yana jerawa. Gindin bango da kauri, samansa da sauƙi. Rufi kuwa da azara ake yinsa, wato tsagin giginya, domin gara ba ta cinta da wuri.

Lura da abu guda: kakanninmu ba su zubar da kome. Ɓawon ɗorawa shi ne makuba, wadda ke hana ruwa cin bango. Katsin da ya taru a gindin marina ana ƙona shi a yi laso, a shafe soro. In ɗaki ya faɗi, a sake jiƙa ƙasarsa a yi sabon tubali, a zare azararsa a ɗora wa sabon ɗaki. Da gwangwani da duro suka shigo, maƙera suka mai da su ƙofa da indararo.

Mata ma suna da nasu fannin, shi ne daɓe. Su shimfiɗa ƙasa da tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, har ƙasa ta yi tauri kamar dutse. A Maroko, da irin wannan bugu ake tayar da bango sukutum: a zuba ƙasa tsakanin katako biyu, a kirɓa ta. Kuma daɓe aikin gayya ne, kamar ɗaukar rufin ɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka ce ƙasa sai ƙaramin gini. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sabunta a 1844, tsawonta mita 27 ne, kuma ta ƙasa ce. A Zariya, Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a cikin shekarun 1830, da bakan gizo na ƙasa da azara. A Yama, cikin jihar Tawa, wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya fara masallaci a 1962 tare da mutanen gari. A 1986 wannan masallaci ya sami kyautar Aga Khan ta duniya.

To, me ya kawo cikas? Abu biyu. Na farko, itace. Mutane suka ƙaru, gonaki suka faɗaɗa, farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa. Azara ta yi tsada. Na biyu, siminti da kwano suka zama alamar arziki, har mai ɗakin ƙasa ya fara jin kunya. Amma kai ma ka sani, ɗakin kwano a bazara ba ya zaunuwa da rana. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yana shanye zafin rana, sai dare ya sake shi.

Masu neman mafita ba su zauna ba. A 1980, a Cikal kusa da Filinge, aka fara koyar da gini ba itace: rufin ƙubba da bulon ƙasa kaɗai, dabarar da ta samo asali daga Nuba ta ƙasar Masar. Daga 1984 manoman Maraɗi suka kama sassaben zamani, suna barin tohon itace cikin gona, har gawo da kalgo suka dawo. A 2018, a garin Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu, ba su rushe shi ba. Kasuwar garin kuma aka yi mata rumfuna da tsofaffin ƙarafa. Ka ga matse ƙasa da inji, ai daɓe ne ya canza riga.

Sai dai ginin ƙasa yana da abokin gaba, shi ne ruwa. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon Maraɗi da ke cikin gulbi, sai da aka mai da gari bisa tudu. A daminar 2024 gidaje masu yawa sun faɗi a jihar Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe. Darasin a fili yake. Kada ka yi gini a hanyar ruwa. Ka ɗaga gindin bango da dutse ko matsattsen bulo. Ka yi yaɓe kafin ruwan farko. Ka duba indararo, ya zubar da ruwa nesa da bango.

Akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Tsofaffin maginan da suka san ƙasar da ta dace da tubali da wadda ba ta dace ba suna ƙarewa, kuma ba su rubuta ba. In akwai ɗaya a garinku, to a bana ka sa yaronka ya riƙa miƙa masa tubali. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wani jiƙon.