Daga Tabarma zuwa Keken Lantarki: Ƙafar Tela a Birnin Kudu

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga birnin Kano, ya tarar da arzikin garin ya rataya a kan zare, daga saƙa da rini zuwa bugu da ɗinki. A watan Agusta na wannan shekarar kuma, can a Amurka, Isaac Singer ya sami rajistar keken ɗinkinsa. Birnin Kudu da Gwaram a lokacin suna cikin ƙasar Kano, tun kafin a yi mafarkin Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991, kuma duk rigar da aka sa a waɗannan garuruwa allurar hannu ce ta haɗa ta. Daga wancan zamani zuwa yau ɗinki bai taɓa daina zama sana'ar zaune ba. Abin da ya canza shi ne yawan abubuwan da ke tayar da maɗinki daga mazauninsa. A da suna da yawa, kuma sana'ar ce da kanta take kawo su. Yanzu sun kusa ƙarewa, kuma wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan rashi shi ne telan da jini ba ya gudana sosai a ƙafarsa.

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa cikin sauƙi, amma dawo da shi sama aiki ne na hawan dutse. Mai wannan aiki shi ne tsokar sharaɓa. Duk lokacin da mutum ya taka ƙasa ko ya lanƙwasa idon sawu, tsokar tana matse jijiyoyin da ke cikinta, jinin ya haura, wasu 'yan marufai da ke cikin jijiyar, masu buɗewa sama kawai, su hana shi komawa. Idan aka zauna a kujera, gwiwa a tanƙware, ƙafa a ƙasa ba motsi, famfon ya tsaya. Jini ya taru, idon sawu ya kumbura, takalmin da ya shiga da safe ya ƙi shiga da yamma. A wajen wanda marufan nan suka riga suka saki, abin yakan kai ga jijiyoyi su fito ruɗu-ruɗu, fata ta yi baƙi, har gyambo ya buɗe kusa da idon sawu ya ƙi warkewa.

Maɗinkin da ya yi zamani kafin keke yana zaune ne a zaure, kan tabarma ko buzu. Aikin babbar riga mai aska takwas yakan ci watanni, kuma da yawa daga masu yin sa malamai ne da manyan almajirai. Zama ne mai tsawo, babu musu. Sai dai zaman ƙasa ba ya barin mutum a siffa ɗaya: ya tanƙwashe, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya kishingiɗa, ya durƙusa ya jawo almakashi, kuma ƙafar tana kusan daidai da ƙugu, ba ta reto a ƙasa. Tashi daga tabarma ma aiki ne ga tsokar ƙafa. Haske kuma na rana ne, idan magariba ta yi ido ba ya ganin kafar allura a fitilar aci-bal-bal. Mafi girman abin, maɗinkin ƙauye manomi ne. Da zarar ruwa ya sauka sai ya ajiye allura ya ɗauki fartanya, ɗinki ya koma sana'ar rani. Ranar kasuwa kuwa a ƙafa ake zuwa, ko a bayan jaki. Ko maƙwabcinsa masaƙi, da yake wuni a zaune gaban masaƙa, da yatsun ƙafa yake taka zaren da ke buɗe wa ƙoshiya hanya.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turawa suka riƙa kwarara, keken ɗinki na ƙafa ya bi sahun atamfa da akoko ya bazu zuwa garuruwan gundumomi. Ya ɗauke maɗinki daga tabarma ya ɗora shi kan benci, ya ba shi sabon suna, tela. A nan tarihi ya yi wa sana'ar gata ba tare da kowa ya shirya ba. Keken ƙafa, Singer ne ko Butterfly ɗin Sin da ya cika shaguna daga baya, ba ya juyawa sai an taka, dunduniya ƙasa yatsu sama, yatsu ƙasa dunduniya sama, sau dubbai a wuni. Wannan shi ne ainihin motsin da ma'aikatan jinya ke sa majinyacin da aka yi wa tiyata ya riƙa yi a kan gado, shi ne kuma ake shawartar fasinjan jirgin sama ya yi. Telan da ya tsufa a kan wannan keke ya yi fama da ciwon baya da na ido, amma sharaɓarsa ba ta yi barci ba.

Keken lantarki ne ya yanke wannan igiya. An ɗaura wa tsohon keke ɗan moto, sannan manyan kekuna masu gudu suka zo, da injin aikin wuya da ke gama cikin awoyi abin da hannu ke yi a makonni. Ƙafa ɗaya tana danna feda kaɗan, ɗayar tana ajiye kamar ta aro. Janareto da sola suka mayar da dare rana. Yaron shago ne ke guga, shi ake aika sayen zare da maɓalli, a kan babur. Yadin da a da sai an je Kantin Kwari an zaga layi-layi, yanzu hotonsa ake gani a WhatsApp, direba ya sauke shi a tasha. Kowanne daga cikin waɗannan ci gaba ne na gaske, kuma babu mai hankalin da zai ce tela ya koma allura. Amma a haɗa su wuri ɗaya, a goman ƙarshe na azumi lokacin da ɗinkin Sallah ya yi tsiri a shago, za a sami mutum ya kwana ya wuni a kan kujera, ga ƙishirwar azumi, wadda ita ma ba ta taimakon gudun jini.

Wani zai ce kakanni sun yi zaman ɗinki ba su koka ba. Kukan ya yiwu an yi shi da wani suna: sanyi, daji, ko jifa. A inda aka rubuta kuwa, an gani tun da wuri. Likitan Italiya Bernardino Ramazzini, a littafinsa na cututtukan masu sana'a da ya fito a 1700, ya sa teloli da dukawa cikin waɗanda zama ke nakasawa, ya ba su shawarar motsa jiki ko da ranar hutu ce. A 1940 likita Keith Simpson ya lura da yawaitar mutuwa daga gudan jinin da ke tasowa daga ƙafa ya toshe huhu, a tsakanin mutanen Landan da ke kwana a zaune kan kujeru a maɓoyar bama-bamai. A 2007 binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna haɗarin irin wannan gudan jini yana ninkawa bayan tafiyar awa 4 ko fiye a zaune, duk da cewa ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu ganin zaman tela ba matsala ba ne ita ce ta salla. Musulmi yana tashi sau biyar, ya yi alwala, ya taka zuwa masallaci, ya yi ruku'u da sujada, kuma wannan katsewar zama ce ta gaske wadda mutanen Landan na maɓoyar bama-bamai ba su samu ba. Sai dai a duba yadda lokutan suka rabu. Daga Azahar zuwa Isha'i suna kusa da juna, amma daga buɗe shago da hantsi zuwa Azahar awoyi ne masu yawa, daga Isha'i zuwa Asuba kuma dare ne guda, kuma nan ne telan Sallah ya fi daɗewa a zaune. Ga mai lafiyar ƙafa watakila hakan ya wadatar. Ga wanda ƙafarsa ta fara kumbura, abin da likitoci ke nema shi ne tashi duk rabin awa ko awa guda, ko da na minti biyu ne. Shagon ɗinki yana da abin da zai cika wannan ba tare da asarar aiki ba, idan maigida ya karɓi yanka da guga da awo a tsaye ya rarraba su cikin wuni, ya bar tsohon keken ƙafa a gefe don ƙananan gyare-gyare.

Masu cewa hutu ne maganin ƙafa mai ciwo suna da rabin gaskiya, domin matsalar iri biyu ce. Wanda jini ke taruwa a ƙafarsa yana amfana da ɗora ta kan matashi idan ya kwanta. Wanda kuma hanyar da ke kai jini ƙafar ce ta tsuke, abin da ya fi kama masu ciwon suga da masu shan taba, zai ji sharaɓa tana murɗawa idan ya yi 'yar tafiya, ta saki idan ya tsaya. Shi ɗaga ƙafa da matsattsiyar safa suna iya ƙara masa wahala, kuma tafiyar da yake gudu, ana yi ana hutawa, tana cikin maganinsa. Rarrabe su aikin asibiti ne, kuma Birnin Kudu tana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a cikin gari. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, da zafi da ciwo, ranar ba ta tausa ba ce, ba kuma ta ƙahon wanzami ba, domin matsa wurin yana iya ɓalle gudan jinin ya nufi huhu.