Fotash da Alkali: Sunan da Kasuwa Ta Raɗa

Kafin fotash ya shiga littattafan kimiyya, sunan haja ne. A Turai da Amurka ana ƙone itace, a jiƙa tokar, a tace ruwan, a dafa shi cikin manyan tukwanen ƙarfe har ya ƙafe, ya bar gishirin da masu sabulu da masu gilashi ke rububi. Sunan ma kalmomin Turanci biyu ne aka haɗa, tukunya da toka. Sana'ar ta yi ƙarfin da takardar mallakar ƙirƙira ta farko a Amurka, wadda George Washington ya sa wa hannu a 1790, ta Samuel Hopkins ce, kan sabuwar hanyar yin fotash.

Fotash kuwa ɗa ne a babban gida mai suna alkali, kalmar da Turawa suka aro daga Larabci, inda take nufin tokar tsirrai. Ɗan'uwansa a gidan shi ne soda, kuma an daɗe ana ɗaukarsu abu guda, tunda aikinsu ɗaya ne. Sai a 1736 Duhamel du Monceau na Faransa ya nuna tushensu daban ne. A 1807 Humphry Davy ya bi da lantarki ta cikinsu a Landan, ya fitar da ƙarafa biyu, fotasiyam da sodiyam, waɗanda sunayensu suka fito daga fotash da soda. Ke nan masana ne suka aro suna daga 'yan kasuwa.

Wannan tarihin ya shafi kanwarmu, wadda Turancin Nijeriya ke kira fotash alhali sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Malamin kimiyya zai ce kuskure ne, kuma da ma'aunin yau yana da gaskiya. Amma fatake da matan gida da aiki suke sanin abu: kanwa da ruwan toka duk suna sa wake ya nuna da wuri, suna ƙara wa miya yauƙi, kuma dukansu alkali ne. Su ma masanan ba su tsare iyakar ba. Tun da aka fara haƙo gishirin fotasiyam a Stassfurt ta Jamus wajajen 1860, sunan ya koma kan takin zamani, wanda yawancinsa ba ma alkali ba ne. A gona ne ruɗanin ke da illa, domin manomin da ya watsa kanwa da sunan fotash sodiyam ya zuba, kuma yawansa kashe ƙasa yake yi.