Zauren da Manhaja ke Yin Sallama: Daga Kambirij zuwa Kasuwar Mai'aduwa

Ranar Lahadi 29 ga Janairun 2023, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya zo Daura ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa. Da ya fito, sai ya sanar da ƙarin kwana goma a kan wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wato daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu. Kwana goman ba su warware komai ba. Tsofaffin kuɗin an kwashe su zuwa banki, sababbin ba su wadata ba, aka wayi gari mutanen Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa suna sayen gero da tiransifa, ko sun so ko sun ƙi. Duk wanda ya ga dillalin shanu da mai saye sun zuba wa waya guda ido, saniya na tsaye a tsakaninsu, ana jiran alat ɗin da ya ƙi shigowa, ba zai manta da waɗannan makonni ba.

A lokacin, kowa cewa yake yi babu sabis. Sau da yawa kuwa sabis na nan lafiya lau. Abin da ya gaza shi ne hanyar da manhajar cikin waya take bi ta roƙi wata kwamfuta ta yi mata aiki. Masu sana'ar suna kiran wannan hanya API. Ni zaure nake kiranta, kuma ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

Baƙo ba ya faɗawa cikin gidan Bahaushe. A zaure yake tsayawa, ya yi sallama, ya faɗi abin da ke tafe da shi, a shiga ciki a kawo masa amsa. Bai san ɗakin da aka ɗauko abin ba, ba ya kuma bukatar ya sani. Maigida na iya rushe ɗakunan ciki kaf ya sake gini, baƙo ba zai rasa komai ba muddin zauren na inda yake, kuma sallamar da aka saba ba ta canza ba. Haka mai rubuta manhaja yake aiki. Ba shi ne ke koya wa waya yadda za ta zana harafi a fuskarta ko ta aika saƙo ba. Akwai ayyukan da wasu suka riga suka rubuta, kowane da sunansa da abin da ake miƙa masa da abin da yake mayarwa. Shi nasa ya san sunan, ya kira shi bisa ƙa'ida.

Asalin abin a Jami'ar Kambirij ta Ingila yake. A watan Mayun 1949 na'urar EDSAC, wadda Maurice Wilkes ya jagoranci ƙerawa, ta fara aiki. Nan da nan aka lura cewa masu amfani da ita suna maimaita wahala iri ɗaya: wannan ya rubuta umarnin buga lamba, gobe wancan ya sake rubutawa, kowa da irin kurakuransa. Sai aka tattara waɗannan guntayen ayyuka, aka gwada su, aka huda su a kan zaren takarda, aka adana a cikin kabad, tare da kundin da ke bayanin yadda ake amfani da kowane. Wani ɗalibi mai suna David Wheeler ya warware matsalar da ta fi wuya, wato yadda na'ura za ta bar aikin da take yi, ta je ta yi na aro, sannan ta komo daidai inda ta tsaya. Dabararsa ita ce mai kira ya bar adireshinsa kafin ya tafi, aikin aron kuma ya yi amfani da shi wajen komowa. A 1951 Wilkes da Wheeler da Stanley Gill suka wallafa littafin da ya bayyana tsarin. A ganina kundin nan ya fi zaren takardar muhimmanci, domin shi ne alkawari na farko tsakanin wanda ya rubuta aiki da wanda zai kira shi ba tare da ya leƙa cikinsa ba.

Alkawari kuwa kaya ne. A 1974 Gary Kildall ya fitar da CP/M, uwar manhaja ta ƙananan kwamfutoci. Mai son ta yi masa aiki sai ya ambaci lambar aikin ya yi kira. Aiki na 9, alal misali, yana buga jimla a allo, kuma alamar dalar Amurka ce ke nuna inda jimlar ta ƙare. Da IBM ta fito da kwamfutarta ta tebur a 1981 tare da uwar manhaja daga Microsoft, sai aka iske aiki na 9 yana nan da lambarsa da alamar dalarsa, don manhajojin da aka rubuta wa CP/M su yi sauƙin ƙaura. Babu wani dalili na hikima da ya sa dala ta zama ƙarshen jimla. Amma da zarar dubban mutane sun gina a kan abu, gyara shi ya zama rushe musu gidaje. Wannan ne ya sa mugun zaɓi a zaure yake daɗewa fiye da mugun zaɓi a cikin gida, kuma za mu sake cin karo da shi a Daura.

Sai kuma tambayar mallaka. A 2010 kamfanin Oracle ya kai Google ƙara, yana cewa ta kwafi sunaye da tsarin ayyukan harshen Java ta zuba a cikin Android. Google ba ta musa ba: layuka kusan 11,500 ta ɗauka, don masu rubuta manhaja su ci gaba da yin sallamar da suka saba, amma ɗakunan ciki ita ta gina nata. An kwashe fiye da shekara goma ana shari'a. Ranar 5 ga Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan biyu, ta ce abin da Google ta yi halattaccen amfani ne. Wayoyin Tecno da itel da suka cika aljihunan mutanen masarautar Daura a kan Android ɗin nan suke tafiya.

A Najeriya, babban zauren kuɗi shi ne NIBSS, kamfanin da Babban Banki da bankunan kasuwanci suka mallaka, wanda aka yi wa rajista a 1993. A 2011 ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, a 2014 kuma aka fito da lambar BVN. A 2015 gwamnatin Buhari ta tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗaɗen shigarsu a asusun bai-ɗaya, ta hanyar Remita, abin da ya sa ɗalibin makarantar tarayya sai ya ciro lamba kafin ya biya kuɗin makaranta. A shekarar ce Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack, wanda hajarsa ita ce zauren kanta: 'yan layukan umarni da mai shago zai saka a shafinsa ya riƙa karɓar kuɗi. Stripe ya saye shi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200.

To me ke faruwa idan mai POS a bakin kasuwa ya danna tura kuɗi? Manhajarsa takan fara da kiran tambayar suna: ga lambar asusu mai alƙaluma goma, ga banki, na wane ne? Sunan da ke bayyana kafin ka amince amsar wannan kira ce. Sannan a yi kiran tura kuɗin. Idan amsa ta zo da e ko a'a, magana ta ƙare. Tashin hankalin yana inda amsa ba ta zo ba sam. Shiru na iya nufin saƙon bai isa ba, yana kuma iya nufin ya isa, an biya, amsar ce ta ɓace a hanya. Marubucin manhaja mai gaggawa yakan ɗauki shiru a matsayin gazawa, ya bari a sake turawa, a cire kuɗin mutum sau biyu. Mai natsuwa yakan ba kowace hulɗa lambar shaida tata, ya yi kira na uku, na tambayar matsayi, kafin ya ce komai. A farkon 2023, da jama'a suka yi wa zaurukan nan cincirindo lokaci guda, shirun ya yawaita, kuma a nan aka gane wace manhaja aka rubuta da hankali. Ba mamaki da yawa suka koma OPay da PalmPay da Moniepoint a wannan tsakanin. A watan Maris na shekarar Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin buɗe zaurukan bankuna ga wasu kamfanoni, da izinin mai asusu. Labarin Kusugu ya faɗo mini a rai: ruwa na nan a rijiya, rigimar duk a kan wa ke tsare bakinta ce, da ranar da ya ga damar bari a ɗiba.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, shi ne irin sallamar da zaurukan nan suke ganewa. Tsarin haruffa na ASCII da Amurkawa suka tsayar a 1963 gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, alhali haruffan masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Unicode ya zo a 1991 ya ba su gurbi, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da yawancin intanet ke ɗaukar rubutu a yau. Wato fiye da shekara talatin ke nan babu wani uzuri na fasaha. Amma har gobe akwai fom ɗin da ke mayar da Ƙanƙara alamun tambaya, wanda bai san bambancin baki da baƙi ba, don wanda ya rubuta ƙa'idar gurbin suna ya ce haruffan Turanci 26 kaɗai za a karɓa. Alamar ɗauri ma haka: Rabi'u da Sa'adatu da Isma'ila duk sun sha an ce sunansu ba daidai ba ne.

Ga kuma gurbin sunan dangi, wanda al'adarmu ba ta da shi a yadda Turawa suka san shi. Wani ya sa sunan mahaifi, wani na kaka, wani na gari, shi ya sa masu amsa sunan Daura suke da yawa ba tare da sun haɗa jini ba. Mutum guda sai ya zama Muhammad a BVN, Mohammed a NIN, Mamman a takardar makaranta. Ma'aikacin da ya san shi zai yi murmushi ya wuce. Manhaja kuwa harafi da harafi take gwadawa. Tun da aka fara haɗa layukan waya da NIN a Disambar 2020, daga baya aka bi da asusun banki, wannan saɓani ya tashi daga abin dariya ya koma abin da ke rufe wa tsoho asusun fanshonsa. Kuma kamar alamar dalar Kildall, an riga an gina a kansa.

Daura yanzu tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta nan aka tsara ya bi. Ina fata cikin ɗaliban da ke can a samu waɗanda za su zauna inda ake rubuta ƙa'idar gurabe, domin gyaran da ake bukata bai fi layi ɗaya ko biyu ba, sai dai wanda bai taɓa jin zafin abin ba ba zai tuna da shi ba. Na taɓa raka wani dattijo ɗan'uwanmu gyaran bayanansa a wani ofishi. Sau uku ma'aikacin yana rubuta garin haihuwa, Mai'aduwa, sau uku na'urar tana mayar masa da jan rubutu. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya goge alamar ɗaurin ya haɗe kalmar. Na'urar ta karɓa, aka buga takarda, aka kira na gaba.