Gianni Agnelli: Attajirin Turin da Sawunsa a Ƙasar Hausa

An haifi Giovanni Agnelli, wanda aka fi sani da Gianni, a birnin Turin na Italiya a 1921. Kakansa, wanda ya ci sunansa, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin motoci na Fiat a 1899. Maraici ya same shi da wuri: mahaifinsa ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1935, mahaifiyarsa da kakansa suka bi baya a 1945. Aka damƙa riƙon kamfanin ga Vittorio Valletta. Gianni bai hau kujerar shugabanci ba sai a 1966, ya kuma riƙe ta har 1996.

A zamaninsa Fiat ta haɗiye Lancia a 1969 da Alfa Romeo a 1986. Da kuɗi suka yi wa kamfanin ƙaranci a 1976, ya sayar wa gwamnatin Gaddafi ta Libiya kusan kashi ɗaya cikin goma na hannun jarinsa.

Harkokin Fiat sun iso ƙasar Hausa ta hanya biyu. A Kano, da haɗin gwiwarta aka kafa masana'antar harhaɗa manyan motoci ta NTM. A tsohuwar Jihar Sakkwato kuwa, reshenta na gine-gine, Impresit, shi ya gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, wasu manoma suka rasa damina saboda aikin baje ƙasa, biyan diyya kuma ya zama abin jayayya. Da tura ta kai bango, manoman suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka yi asarar rayuka da yawa.

A kakar wannan shekarar, ma'aikatan Fiat a Turin suka yi yajin aikin kwana 35 saboda shirin rage ma'aikata, hukumar kamfanin ce kuma ta yi rinjaye. Tarihin Italiya ya adana wannan yaji dalla-dalla, amma ba kasafai littattafan rayuwar Agnelli ke ambaton Bakolori ba. An naɗa shi sanata na har abada a 1991, ya rasu a Turin ranar 24 ga Janairun 2003.