Kano Zuwa Damagaram: Garuruwan Da Suka Riƙe Mana Hanya

'Yan'uwa, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi hanyar da ke ciyar da mu. Daga Kano zuwa Damagaram tafiyar kimanin kilomita 240 ce. Yau mota kan cinye ta a yini guda, mu wuce ƙananan garuruwa ba tare da mun ko taka birki ba. Kakanninmu kuwa a cikinsu suke kwana.

A zamanin ayari, madugu ba ya lissafin tafiya sai da zango. Fatake su taso daga Kano da turkuɗi da fatu da goro, su komo da kanwa da gishirin Bilma da dabbobi. Duk inda akwai rijiya da fatoma mai riƙon amana, nan ake sauke kaya. Da irin wannan hidima garuruwa kamar Dambatta, da Kazaure wadda Ɗan Tunku ya kafa masarautarta, suka samu rabonsu, kafin a isa Daura mai rijiyar Kusugu.

Gaba da Daura akwai Mai'aduwa, wadda kasuwar dabbobinta ke haɗa mutanen ƙasashen biyu. Sai Kongwalam, inda Najeriya ta tsaya, a tsallaka Ɗan Barto. Wannan iyaka ba ta kai hanyar tsufa ba. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ta ratsa tsakanin dangi da gonaki. Daga nan sai Matamaye da Kance, a hau babban titi a Takeita. Kafin a shiga Damagaram akwai Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka kara da sojojin Faransa a 1899.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya juya kudu, gyaɗa ta zama sarauniya. Yankin Matamaye da Kance ya noma ta sosai, manyan motoci suka karɓi aikin raƙuma. A 1926 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai, amma kasuwa ba ta bi gwamna ba.

Manyanmu ba su manta da rufe iyaka na 1984 zuwa 1986 ba. Mu kuma mun ga na 2019 zuwa ƙarshen 2020, da na 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo, babban ɗan kasuwa na birni yana da jarin da zai jira. Mai shayi na Kongwalam, da mai faci, da 'yan dako, da mata masu tuwo a Ɗan Barto, su ne wutarsu ke fara mutuwa.

Ga shi kuma ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Zai bi ta Kazaure da Daura, sannan ya karkata Katsina, ya bar ɓangaren Matamaye a gefe. Don haka idan shugabanninmu sun zauna da kwastan da duwan, ko da hukumomin hanya, muna roƙon su riƙa sa waɗannan garuruwa cikin magana. Mu ma direbobi da 'yan kasuwa, mu riƙa tsayawa mu yi salla, mu ci abinci, mu biya dillali haƙƙinsa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana hanya.